DAGA DOKIN KARA ZUWA SALULA: TARIHIN WASAN YARA A GARURUWANMU



Akwai wata magana da ke yawan fitowa duk sa'ad da ƴan garinmu mazauna Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Kurmi suka haɗu, watau maganar ƙananan yara. Maigida ya fita nema, uwargida tana fama da girki ko ƴar sana'arta, yara kuwa suna cunkushe cikin ɗakin haya, ba fili, ba dandali, a ƙofar gida kuma ga mota ga babur. In sun dami mutane sai a miƙa masu salula a ce su yi shiru. Mai ɗan hali ya sayo motar roba a kasuwa, kwana uku ta karye, kuka ya dawo sabo. Sai ka ji ana cewa yaran yanzu ba su da natsuwa.

To, a garuruwanmu an yi ɗaruruwan shekaru ana renon yara ba tare da an sayi abin wasa ko na tamma guda ba, kuma yaran nan ba su rasa abin yi ba tun safe har dare. Yaya aka yi haka? Kuma yaushe abin ya sake? Shi ne za mu bi daki-daki a wannan takarda, don waɗanda suka yi zamanin su tuna, waɗanda ba su yi ba su sani, mu kuma duba abin da za mu iya ɗauka daga ciki.

1. SHEKARAR YARO

Yaron ƙauye na da, lissafin shekararsa ɗaya ne da na manomi. Abin da ƙasa ta bayar a kowane lokaci, shi ne abin wasansa.

Da damina, laka. In ruwa ya sauka tabki ya kawo, yara maza su ɗebo yumɓu, su zauna gindin icce suna ginin shanu da raƙuma da dawaki. Ƙayar aduwa ita ce ƙaho, tozon sa kuwa sai an murza shi da kyau, don a nan ake gane gwani. A inuwa ake shanya su, in aka sa su cikin rana tsaka sai su tsattsage. Kowane yaro da garkensa da ɗan shingensa na tsinke, har ciniki ake yi, a ba da shanu biyu a karɓi raƙumi guda. Ƴan mata kuma su gina ƴan tukwane da kasko, su kafa murhu da tsakuwa uku, su tuƙa tuwon ƙasa, su kaɗa miyar ganyen tafasa, su raba ma kowa a sakaina. Daga nan Bahaushe ya samo maganar nan ta "abokin wasan ƙasa", wadda har tsufa ba ta rasa nauyinta tsakanin mutum biyu.

Da kaka, kara. Wannan shi ne babban lokacin aikin hannu. In an gama girbi, ga karan hatsi da na dawa zube a gona, ba mai hana yaro ɗiba. Na dawa aka fi so, don ya fi kauri. A ɓare ɓawon da ƴar wuƙa ko da haƙori, a fitar da totuwa fara mai taushi. Totuwar nan ita ce katako, ɓawon da aka tsaga siriri shi ne ƙusa. Da waɗannan biyu kaɗai ake haɗa gado, kujera, rumbu, kejin tsuntsu, har da tabarau. Gaɓa guda ta kara, in aka zare totuwarta aka ɗaga ɗan harshe a jikin ɓawon, ta zama abin busa, ka ji gari ya ɗauka da yamma. Sarkin kayan wasan duka kuwa shi ne dokin kara: dogon kara a karya kansa ya sunkuya, a ɗaura mashi linzamin igiyar kaba, yaro ya hau ya yi ta sukuwa yana tayar da ƙura, yana kwaikwayon barade da ya gani ran hawan salla a ƙofar Sarkin Katsinan Maraɗi, ko ta Sarkin Gobir a Tsibiri, ko fadar Damagaram.

Ƴan mata nasu babban abin shi ne ƴar tsana. Ana yin ta da ƙashin ƙafar akuya ko na rago, ko totuwar masara, ko guntun kara. A yi mata kitso da baƙin zare, a ɗaura mata zane da ƙyallen da tela ya yar, yarinya ta goya ta tana jijjigawa. Ba a nan abin ya tsaya ba. Ana yi ma ƴar tsana suna, ana yi mata aure, mai ita ta bi gida-gida ta gayyato ƙawayenta, kowace ta kawo gudummawa: wannan ƴan gyaɗa, waccan guntun ƙuli-ƙuli. Ran da bukin ƙawa ya zo, dole a rama. Tun a nan yarinya ke sanin cewa buki bashi ne.

Da ɗari da bazara, dandali. Aikin gona ya ƙare, ga farin wata, ga yashi mai laushi. Maza su yi langa, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar, ana kare wanda aka sa ya zama ruwa har ya kai wurin sha. Su yi kokowa, su yi ɓuya, su yi a-sha-ruwan-tsuntsaye. Mata su yi gaɗa, ɗaya ta faɗa baya sauran su cafe ta su cilla, ko su zauna carabke da ƴan tsakuwa. Da rana a gindin icce ana murza katantanwa, a ga ta wa za ta fi daɗewa tana juyi. In dare ya yi nisa kuma sai ɗakin tsohuwa, a kewaye ta a ji labarin Gizo da Ƙoƙi. Ana tsorata yara da cewa mai tatsuniya da rana ɓata yake yi; hikimar ita ce rana ta aike ce da kiwo da ɗibar ruwa.

Watan azumi kuwa, ko cikin wane lokaci ya faɗo, da tashe yake zuwa. In wata ya kwana goma, yara su yi gemu da auduga, su shafa gawayi da toka, su cusa tsumma a ciki, ƴan mata su kifa ƙwarya cikin ruwa suna kiɗa, a bi gidaje ana ba mutane dariya. Ɗan hatsi ko ƴan kuɗɗin da aka samu a tara wuri guda, a raba ko a yi girki. Duk kayan tashen nan, ba wanda aka saya.

2. MAKARANTAR DA BA TA DA MALAMI

Abu biyu ya kamata mu lura da su a nan.

Na farko, ba abin wasan ne ke riƙe yaro ba, yin sa ne. Gadon kara ko garken laka yakan ci ma yaro wuni guda: neman kara mai kyau, ferewa, aunawa, haɗawa, ya rushe a sake. In an gama, kwana biyu ya lalace, ba mai kuka, don gona na nan, tabki na nan, kuma na biyun zai fi na farkon kyau.

Na biyu, ba babban da ke zaunar da yara ya koya masu. Ɗan shekara goma yana yi, ɗan shekara bakwai yana riƙe mashi kara, ɗan shekara huɗu yana tsugune yana kallo. Baɗi mai riƙon ya zama mai yi, mai kallon ya zama mai riƙo. Haka sanin ke gangarowa daga wa zuwa ƙane, uwa kuwa ta samu sukunin daka da tuƙi.

Kuma wasan nan a hankali yake shigewa cikin aiki, har ba a gane iyakarsu. Majaujawar da yaro ya tufka da kaba don wasa, da ita zai kori tsuntsu in hatsi ya fitar da kai. Tarkon izgar doki da ya ɗana ma kurciya shi ne farkon farauta. Maƙeri ya ƙera mashi ƴar hauya daidai hannunsa, a yanka mashi ɗan gefe a gona a ce nasa ne. Yarinya ta fara da ƴar tulu, da ɗan faifai karkatacce, da mazarin da uwarta ta daina aiki da shi. Kowane gari da abin da ya fi yawa a hannun yaransa: a Mirya, garin magina, laka, a Madawa, garin tabarmi, da garuruwan Gulbin Kaba, kaba, a unguwar dukawa ta Damagaram, guntayen fata. Dara ma makaranta ce: gurbi 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokinsa. Yaron da ya iya dara ya iya ƙirga da hangen gaba tun bai taka ƙofar lakwal ba.

In ana son shaidar yadda abin da yaro ya koya a dandali ke zama cikin kansa, ga labarin Dorugu. Ɗan wani ƙauye ne mai suna Dambanas a ƙasar Damagaram. An kama shi bauta yana yaro, daga baya aka ƴanta shi, ya bi Baturen nan matafiyi Barth har Ingila a 1855. A can ya zauna da wani mai nazarin harshe, Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyin da ya ji a gida tun yana ƙarami, aka buga su cikin littafin Magana Hausa a 1885. An raba yaron nan da uwa da uba da gari, amma ba a raba shi da tatsuniyoyin ƙuruciyarsa ba. Ƴan'uwa da ke renon ƴaƴa a ƙasashen mutane, wannan labari naku ne.

3. MOTA TA KORI DOKI

Yaro abin da ya gani yake kwaikwayo, shi ya sa kayan wasansa ke bin zamani sau da ƙafa.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, amma an daɗe bayan haka doki da raƙumi da jaki ne abin hawa. A ƙarshen 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën, masu tafiya bisa sarƙa, suka ƙetaro hamada suka bi ta Yamai, Tasawa da Damagaram. Irin wannan wucewa kallo ce ta rana guda. Abin da ya kawo mota kasuwannin ƙauye sosai shi ne gyaɗa. Tun kafin mulkin kai na 1960, da bayan kafa SONARA a 1962, duk kaka manyan motoci ke shigowa kwasar buhuna a ƙasashen Maraɗi da Damagaram. Yara suka ga direba bisa kujera, suka ga yaron mota rataye a baya yana fito. Daga nan dokin kara ya samu kishiya.

Motar kara ta farko da kayan da aka saba aka yi ta: jiki na totuwa, ƙusa ta ɓawo, ƙafafu na sakaina da aka goge a dutse har ta yi kewaye. Amma motocin nan da kantunan gyaɗa sun zo da sabbin tarkace, yara kuwa ba su bar ko ɗaya ba. Langa-langar da ake ɗaure dilar kaya da ita ta zama jikin mota. Gwangwanin madara, na tumatir da na kifi suka zama bodi. Marfin kwalbar lemo, daga baya kuma tsohon takalmin roba da aka yanka, suka zama taya. Waya ta zama dogon sitiyari, yaro na tafe a tsaye yana tuƙi yana kukan inji da baki. Gwanaye har bambanta Berliet da Peugeot 404 suke yi, su sa ma mota fitila da lamba da kirari a goshi. Da aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970, sai ga tirela mai ƙafa goma sha a hannun yaran Adar.

Sauran wasanni ma sun sake kaya. Robar cikin tayar keke ta haifi danƙon harbi, majaujawa ta ja baya. Tsohuwar taya da bakin keke suka zama abin garawa. Gwangwanin kifi da aka rufe da fata aka ɗaura ma tsirkiya ya zama ɗan kuntigi. Katantanwa ta koma ta marfin biro. Ƙwallon ƙafa ya shigo ta hanyar lakwal da bariki, yaran ƙauye suka cusa tsumma cikin tsohuwar safa suka ɗaure, wasa ya kankama. A lura: kaya sun sake, amma har wannan lokaci yaro ne ke yin abinsa da hannunsa.

4. LAKWAL, SAMARIYA DA FARI

Lakwal ta ɗauke ma yara wani kashi na wuninsu, amma ba ta kashe aikin kara ba. Waɗanda suka yi aji ɗaya a ƙauye sun tuna mushe na sa kowa ya zo da ƴan tsinkayen ƙirga da ya yanka da kansa, a ɗaure su goma-goma. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, tatsuniya da kacici-kacici suka samu shiga aji.

Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, aka raya samariya a kowane gari da unguwa, wasannin gargajiya suka samu fili. A 1975 aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya yi sarauta, kowane yaro a bakin gulbi ya ce shi ne Kantu. A Damagaram kuma akwai wasan kara, wanda ya nuna iyakar inda aikin totuwa zai kai: samari su raba muƙamai, wannan sarki, wancan alƙali, wancan kwamandan ko minista ko shugaban ƙasa, kowa ya koyi tafiya da maganar wanda yake kwaikwayo, a haɗa bindigogi da na'urar ɗaukar hoto da kara, manyan na gaskiya su zo su zauna su kalli kansu. Hannun da ya fara da dokin kara ne ya kai nan.

Cikin waɗannan shekaru ne kuma abubuwa biyu suka fara rage ma dandali ƙarfi. Na ɗaya talabijin. An fara ta a makarantu tun 1964, ta zama ta kowa a 1979, aka kai akwatunan kallo na jama'a masu aiki da hasken rana cikin garuruwa da dama. A karo na farko aka ga farin wata ya fito, yara na zaune shiru suna kallon abu guda.

Na biyu fari. Na 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya watsa gidaje. Na 1984 zuwa 1985, wanda aka laƙaba ma El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ya ƙara tura mutane birni da cin rani. Yaron da ke jin yunwa ba ya langa. Ko da yake a lokacin ma an ga motoci na gwangwanayen mai da madara na kayan taimako, abin da ya sake har abada shi ne darajar kara. Da can bar shi ake yi a gona, shanun Fulani su ci su bar taki. Bayan fari sai kowa ya shiga kwashe nasa yana tarawa bisa icce ko bisa rumfa, don dabba, don darni, don wuta, don sayarwa da bazara. Kara ya zama kuɗɗi, yaro ya daina ɗiba yadda ya ga dama.

5. ROBA DA SALULA

Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta samu miliyan 17 da ɗoriya, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Yamai kaɗai ta tashi daga wajen mutum dubu 240 zuwa miliyan guda tsakanin ƙidayoyin biyu. Filayen unguwa da ake wasa aka yanka su aka gine. Gidan gandu mai kakanni da baffanni da yara ashirin ya koma ɗaki da rumfa, miji da mata da ƴaƴansu. Sarƙar nan ta mai yi, mai riƙo da mai kallo ta tsinke, don babu ɗan shekara goman da zai nuna, ko yana nan yana lakwal, daga can sai makarantar allo.

Tun daga wajen shekarar 2000 kayan wasan roba na ƙasar Sin suka cika kasuwanni da araha, suka zama tsarabar ɗan biɗa in zai koma gida. Ba laifi ba ne uba ya riƙo ma ɗansa tsaraba. Amma motar roba an gama ta tun daga can, ba abin da ta bar ma yaro ya yi sai turawa, in ta karye kuma ba ta gyaruwa. Cikin waɗannan shekaru salula ta shigo, daga baya ta zo da hoto da fim. A ƙauye har yau za ka ga yaro ya gina salular laka ya manna mata fasasshen madubi yana "alo, alo", watau hannun bai mutu ba. A birni kuwa ta gaskiyar ake ba shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban irin waɗannan na'urori, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a wuni. Dalilinsu shi ne abin da tsofaffinmu suka sani tun da can: ƙaramin yaro da motsi da taɓawa da hira yake girma.

6. ABIN DA BA MU SON YA DAWO

Kada mu ce duk na da alheri ne. Tabkin da ke ba da yumɓu shi ne ke ba da tsargiya da kurkunu, kuma ya ci yara da dama. Kurkunu dai an tabbatar da ƙarewarsa a Nijar a 2013, amma tsargiya da nutsewa suna nan. Danƙon harbi da kibiyar kara sun tsiyayar da idanu. Ɓawon kara na yanka kamar reza. Tsatsar gwangwani da langa-langa kan kawo ciwon nan mai sarƙe haƙora in yaro bai yi allurar rigakafi ba. Ruwan tumfafiya na ɓata ido. Ƴaƴan zurma, na bini-da-zugu da idon zakara, waɗanda yara ke so saboda kyaunsu, guba ne in an tauna. Yau kuma an ƙaru da tsohon batir, da gwangwani ko galan na maganin ƙwari, waɗanda bai kamata hannun yaro ya taɓa ba ko an wanke su. Mu ɗauki hikimar, mu bar haɗarin.

7. ABIN DA ZA MU IYA YI

Ba mai iya mayar da dandali tsakiyar Yamai ko Kwatano. Amma ƙa'idar kakanninmu tana aiki ko'ina: a ba yaro kayan aiki, a bar shi ya yi da kansa, a haɗa shi da wanda ya girme shi kaɗan.

Wanda bai kai shekara 3 ba, ƙwarya da ludayi sun ishe shi kiɗa, da ƴar tsanar tsumma da aka ɗinke da kyau, da gora mai tsakuwa ciki wadda aka toshe bakinta gam. Kada a bar mashi ƙananan abubuwa da zai iya haɗiyewa.

Ɗan shekara 3 zuwa 6, a zuba mashi yashi mai tsabta cikin tsohon daro, a ba shi ƴan kofuna da cokali. A jiƙa mashi laka. Ko a birni ana samunta wurin magina ko masu bulo. A tara mashi marafen kwalba ya ware su launi-launi, ya jera, ya ƙirga. Babban kwali guda daga mai kanti yakan zama mota yau, gobe ɗaki, jibi shago. Gawayi da bayan kwali sun isa zane.

Daga shekara 7, a ba shi kara da kaba da waya da ƙyalle, a nuna mashi riƙon ƴar wuƙa sau ɗaya sau biyu babba na kusa. A haƙa mashi gurabun dara a tsakar gida. A ɗora mashi ƙannensa su riƙe mashi aiki, ko sun ɓata. Uwa kuma ta yi haƙuri da dattin riga. Sabulun dala ashirin ya fi motar jika biyu araha.

Ga kuma shawarwari huɗu da muke miƙa ma ƙungiya, a duba su a zama mai zuwa:

Na ɗaya, duk wanda ya je gida bayan girbi, ya riƙo ɗan damin karan dawa da kaba tare da buhun hatsinsa, a raba ma gidaje masu yara.

Na biyu, ran taronmu a zo da yara, a shimfiɗa masu tabarma gefe, dattijo guda da tsohuwa guda su zauna da su, wannan da kara, waccan da ƴar tsana da tatsuniya.

Na uku, mai hali ya tura ƴaƴansa gida hutun damina, su taka laka, su san abokan wasan ƙasarsu. Yaron da ba shi da aboki a garin ubansa, in ya girma ba abin da zai ja shi can.

Na huɗu, salular nan da muke kuka da ita, a yi aiki da ita: matasa su ɗauki muryar tsofaffi suna tatsuniya, su ɗauki hannun dattawa suna haɗa motar kara tun daga ferewa har ɗaura taya, a tura ma ƴan'uwa na nesa. Waɗanda suka hau dokin kara kafin gyaɗa ta kawo mota saura kaɗan cikinmu, kowace shekara kuma raguwa suke yi.

Dattawa, ku ne kuka riƙe wannan sani, kada ku raina shi don wasa ne. Ƴan'uwa na waje, ku ne ke da yaran. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya tuna wani wasa ko wani aikin hannu na garinsu da ba mu ambata ba, ya rubuto ko ya aiko da saƙo, za mu sa shi a fitowa ta gaba.

Allah ya raya mana zuri'a, ya bar zumunci.